Kiwon Auduga: Magen Farisa a Zafin Yamai

8 Fabrairu 2025

Yau aka kawo ta cikin kwali daga wani gida a unguwar Filato. Mai ita ta bar ƙasar tun ƙarshen bara, ta bar ta a hannun mai gadi, shi kuwa iyakarsa ya zuba mata abinci ya ja ƙofa. Yayata ce ta ji labari ta ce in karɓa, tunda ni ce mai ɗakin da babu ƙananan yara. Magen Farisa ce, fara sol, idanu ruwan tagulla, shekarunta uku bisa ga littafin rigakafin da aka haɗo ni da shi. Ƴaƴan yayata sun raɗa mata Auduga kafin in ce uffan.

Daga nesa gwanin kyau. Sai an sa hannu ake jin abin da ke ƙasa. Gashin hamata, na bayan kunnuwa, na ciki da na tsakanin cinyoyi duk ya cukurkuɗe ya zama curi-curi masu tauri, wasu sun manne da fata har suna jan ta in ta miƙa ƙafa. Ƙarƙashin idanu kwantsa ta bushe ta bar layi ja-ja a kan farin gashi. Na ɗora ta a sikeli: kilo 2.9, kuma da gashin a ciki.

Ba ta yi kuka ba, ba ta huro hanci ba, ba ta nemi gudu ba. Na taɓa inda na tabbata yana mata zafi, ta dube ni kawai ta lumshe ido. Inna ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "To, ga kyanwar Lami ta zo gida, ba cizo ba yakushi."

Aikin da ke gabana uku ne: gashi, nauyi, da yadda za ta ƙetare bazara. Abin da na kashe yau (jikka ɗaya sefa dubu ce): matajin ƙarfe jikka 3, robar bayan gida jikka 2, kuroket, wato busasshen abincin mage, kilo biyu jikka 10. Rairayi kyauta ne, ƙanena ya tankaɗe mini bokiti guda.

10 Fabrairu

Tana ƙarƙashin gado. Da dare ta fito ta ci kaɗan, ta yi fitsari a roba ba tare da an nuna mata ba.

13 Fabrairu

Wurin likitan dabbobi. Da ya shafa ta sai ya ce, "Madam, Allah ya sa ba ki yi mata wanka ba." Ban yi ba. Ya ce ruwa yana ƙara ɗaure curin gashi, ya koma kamar an dama shi. Almakashi ma ya hana, domin fatar mage siririya ce, takan shige cikin curin, mutum ya yanka nama yana zaton gashi ne. Da injin aski ya bi ta, a hankali, ni na riƙe mata kai. Ya bar gashin kai, na ƙafafu da tukun wutsiya, sauran ya rage shi gajere amma bai kai fata ba.

A nan ne matsala ta fito. Ƙarƙashin curin kafaɗa da na gefen wuya akwai tabo zagaye-zagaye, babu gashi, fatar na ɓarewa fari-fari. Ya kashe fitilar ɗakin ya haska da wata fitila mai shuɗin haske, sai tushen gashin wurin ya yi kore shar. Makero ne. Ba tsutsa ba ce, naman gwari ne da ke cin gashi da fata, kuma magen Farisa ta fi sauran maguna saurin kamuwa da shi, saboda dogon gashi yana riƙe ƙwayoyin ya hana iska kaiwa fata. Yana kama mutum. Ƙwayoyinsa suna iya zama a ɗaki fiye da shekara ba su mutu ba.

Magani: itirakonazol na sha, mako guda ana ba ta, mako guda a huta, haka har zagaye uku. Wanka da sabulun maganin sau biyu a mako. Duk abin da ta kwanta a kai a wanke da ruwan jabel, wato bilic, kashi ɗaya cikin kashi goma na ruwa. Ya ba ta maganin tsutsar ciki, ya ɗiga mata na ƙuma a ƙeya. Rigakafi sai ta ɗan murmure. Bayan aski nauyinta kilo 2.8, ƙasusuwan baya duk a fili.

Ganin likita da aski jikka 12, magunguna jikka 26. Na ji a jikina.

16 Fabrairu

Na ware mata ɗakin baya mai karo, wato daɓen tayil, na naɗe tabarma da darduma na fitar. Wankan farko ya wuce lafiya. Ta tsaya cikin baho tana rawar sanyi, ba ta ko ɗaga ƙafa ba. Iskar hunturu ba ta gama tafiya ba, don haka da rana tsaka nake yi, in tsane ta da tawul sosai.

21 Fabrairu

Ɗan yayata ya zo yana sosa hannu, ga zagaye ja a damtsensa. Shi ne ya rungume ta ranar da aka kawo ta. An kai shi asibiti, an ba shi man shafawa. Yayata ba ta ce komai ba, Inna ce ta yi maganar duka: "Ke, mage ce ko jinya kika ɗauko? Ga ta ba ta kama ɓera, ga ta tana raba wa jikokina ciwo." Ban ba ta amsa ba, don maganar ɓera gaskiya ce. Ƙadangare ya bi ta gaban hancinta jiya, ta bi shi da ido har ya haye bango.

Na hana yara shiga ɗakin. Wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu.

27 Fabrairu

Aikin ido ya zama na kullum, safe da yamma: auduga da ruwan gishirin farmasi, kowane ido da nasa guntun, a goge daga gefen hanci zuwa waje, sannan a busar da lungun fatar da ke tsakanin ido da hanci. In aka bar wurin a jiƙe yana wari, fata ta yi ja.

Hawayen nan ba ciwo ba ne da zai warke. Ƙirar fuskar ce. Kowace mage tana da ƴar hanya da ke kai hawaye daga ido zuwa cikin hanci, to ita fuskarta ta shafe har hanyar ta lanƙwashe, sai hawayen ya bi kunci. Haka kafofin hancinta ƙanana ne, shi ya sa take minshari ko ido biyu. Haƙoranta ma sun cushe wuri guda saboda gajartar muƙamuƙi. Kuroket yana wahalar da ita a kwano mai zurfi, tana ture shi da hanci; da na koma faranti mai faɗi sai cin ya ƙaru.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ba haka Allah ya halicce su tun farko ba. Ana danganta zuwansu Turai da wani matafiyi ɗan Italiya, Pietro della Valle, wanda ya ga maguna masu dogon gashi a ƙasar Farisa wajen 1620. A 1871 an nuna irinsu a bajekolin maguna na Crystal Palace a Landan, kuma hotunan wancan zamani suna nuna mage mai hanci sosai. Masu kiwo ne, musamman a Amurka cikin ƙarni na 20, suka yi ta zaɓen masu guntun hanci suna haɗawa har fuska ta koma haka, don a ci gasa. Su sun karɓi kyauta, ita kuma tana numfashi da kyar a ƙurar Yamai.

6 Maris

Azumi ya shiga, kicin ya cika. Na kafa doka: ba a ba ta ragowar miya, ba romo, ba kilishi. Albasa da tafarnuwa suna fasa jan jinin mage, dafaffe ko ɗanye, kuma babu tukunyarmu da ba su shiga. Madara ma na hana, yawancin manyan maguna ba sa narkar da ita, zawo take sa su. Abin da nake ƙara mata a kan kuroket shi ne naman kaza ko karfasa da aka tafasa a ruwa zalla, babu gishiri babu magi, an cire ƙaya. Mage ba ta rayuwa da tuwo da shinkafa. Akwai sinadarin taurin da sai a nama take samunsa, rashinsa yana lalata zuciya da ido.

Kilo 3.1.

12 Maris

Mako na hutun magani. Wanka, wanki, jabel. Babu labari.

19 Maris

Ta fara sakin jiki, halinta ya fito. Ba ta hawa kan kabad, ba ta tsalle tebur, iyakarta kujera. Muryarta ƙarama ce, sai ka kasa kunne. In na zauna karatu bayan asham takan zo ta kwanta kusa da ƙafata, ba a cinya ba, ta yi ta gurnani. Hayaniya ce ba ta so: baƙi suka yi yawa sai ta sulale ta koma ɗakinta. Ba ta fushi, ba ta riƙo.

Wannan haƙurin nata shi ne abin da nake tsoro. Magen gida in ƙaya ta soke ta unguwa za ta ji. Wannan kuwa ta yi watanni da curin gashi yana jan fatarta da makero yana cin ta, babu wanda ya sani, don ba ta faɗa. Duk mai irinta sai ya riƙa bincike da hannu. Shi ya sa tazar kullum ta fi ƙarfin kwalliya a wurina: lokacin ne nake jin ƙashin haƙarƙari, in duba kunne, in ɗaga leɓe in ga dasashi, in leƙa ƙarƙashin wutsiya. Gashin bai tsiro sosai ba, amma ina bin ta da mataji yanzu don ta saba kafin ya yi tsawo.

26 Maris

An gama zagaye na uku. Likita ya sake haska ta, babu kore. Tabon kafaɗa ya fara fitar da gashi. Ya ce a ci gaba da wanka na wasu makonni, fitila ba ta ganin komai da komai. An yi mata allurar tifus da koriza, wato ciwon zawo da amai mai kisa da kuma murar maguna, da ta haukan kare. Jikka 22. An yanke mata farata.

2 Afrilu

Bayan salla. Turaren wuta ya yi mata illa: idanu suka yi ja, atishawa ba ƙaƙƙautawa, hawaye har ƙirji. Na rufe ta a ɗakin baya na buɗe taga, washegari ta dawo daidai. Daga yau kasko ba ya shiga inda take. Haka maganin sauro na fesawa da igiyar leko. Likita ya ja mini kunne a kan permetirin, wanda ke cikin maganin kaskar karnuka da wasu magungunan ƙwari: hantar mage ba ta iya sarrafa shi, yana sa ta karkarwa da farfaɗiya. Farasitamol ma haka, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Na rubuta sunayen biyu na manna a ƙofar firigo saboda masu taimako.

11 Afrilu

Ranar da ta fi kowace muni.

An ɗauke wuta tun hantsi. Zuwa azahar ma'aunin bangon falo ya nuna digiri 41, a cikin ɗaki ke nan, iska ko motsi. Na same ta shimfiɗe bisa karo, baki buɗe, harshe waje, tana haki kamar ranta zai fita. Kare in ya yi haki ba komai ba ne. Mage in ta buɗe baki tana numfashi, an shiga haɗari. Dasashinta ya yi ja wur, miyau na dalala, na kira sunanta ba ta ɗaga kai ba. Ko a wannan hali ba ta yi kuka ba. Da ban leƙa ba da ban sani ba.

Na kira likita. Ya ce, "Ruwan randa, Madam, ba na ƙanƙara ba. Jiƙa tafin ƙafa, ciki, hamata da kunnuwa, ki yi mata fifita, ki taho yanzu." Ruwan ƙanƙara yana tsuke jijiyoyin fata, zafin ya maƙale a ciki. Kada kuma a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane a bar shi, yana ɗumama ya riƙe zafi. Kada a ɗura mata ruwa a baki. Ƙanena ya tsayar da taksi, Inna da kanta ta riƙe mafici har bakin titi.

Da muka isa zafin jikinta 40.6, bayan duk jiƙawar. Na mage mai lafiya tsakanin 38 ne da 39 da ɗan kai. An sa mata ƙarin ruwa, aka ajiye ta a ɗaki mai sanyi har bayan magariba. Likita ya yi mini bayanin da ya zauna mini: mage ba ta gumi sai ta tafin ƙafa, sauran sanyin daga lasar jiki ne da iskar da ke bi ta hanci. Wadda hancinta ya taƙaice ta rasa rabin hanyar. Ya ce askin Fabrairu ya taimaka, da tana ɗauke da wancan curin da labarin ya bambanta.

Jikka 18.

13 Afrilu

Tana ci kaɗan-kaɗan. Ina ƙirga numfashinta in tana barci: ya kamata ya tsaya ƙasa da 30 a minti. Yau 26.

15 Afrilu

Shirin bazara. Na sayi fanka mai caji da ɗan faifan sola a kasuwar Katako, jikka 32, na taya har na gaji. Na mayar da ita ɗakin da rana ba ta bugunsa da yamma. Na sa ƙaramar randa a lungu bisa jiƙaƙƙen rairayi, tun ranar ta gano sanyin jikinta, can take kwana manne da ita. Ruwan sha wuri uku, a faranti mai faɗi don kada gashin fuska ya jiƙe, ana canzawa daga randa. Mage mai nauyinta tana bukatar kamar mililita 150 a yini, kuroket kuwa busasshe ne, don haka ina jiƙa rabinsa da ruwan tafasasshen kaza. Abinci sai da asuba da bayan isha'i. Tsakanin azahar da la'asar ba wasa, ba taza.

Wata ƙawata ta ce in aske ta ƙwal. A'a. Farar mage fatarta tana ƙonewa a rana, musamman kunne da hanci, ɗan gashin kariya ne.

24 Afrilu

An ɗauke wuta, fanka ta riƙe. Lafiya lau.

3 Mayu

Ta shiga neman namiji: birgima, kuka da wata murya da ban san tana da ita ba, muzurai sun yi layi a kan katanga. Maƙwabciyata ta shigo da shawara: "Hajiya, ki bar ta ta haihu mana, ƴaƴan irin wannan kuɗi ne, ni ma a ba ni ɗaya." Na ce mata ko an bar ta da muzurun unguwa ba abin da take zato za a samu ba. Dogon gashi sai uwa da uba duk sun ba da shi yake fitowa. In uban mai gajeren gashi ne zalla, ƴaƴan gajeren gashi za su yi. Ban da haka, manyan kawunan jariran Farisa sukan sa haihuwa ta yi gardama. Ta ce ni dai na cika boko. An rufe tagogi da raga.

9 Mayu

An yi mata eko na ƙoda, wato hoton cikin jiki da na'ura ke nunawa. Tun farko likita ya ce sai an yi, saboda ciwon gado da ake kira PKD, wanda ya yi wa wannan iri katutu: ƴan jakunkunan ruwa ne da ake haifar mage da su a ƙoda, suna girma a hankali har su danne naman ƙodar. Kafin a fara tantance masu kiwo, binciken ƙasashe da dama ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na magunan Farisa suna da shi. A 2004 aka gano ƙwayar halittar da ke jawo shi a Jami'ar Kalifoniya ta Davis, daga nan gwajin jini ko na yawu ya samu. Uwa ko uba ɗaya ya isa ya gadar, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar ɗauka.

Tana da shi. Ƙanana ne, a ƙodar hagu biyu, a ta dama ɗaya, likita ya nuna mini su baƙi-baƙi a allo. Gwajin jini ya nuna ƙodar tana aiki daidai. Babu maganin da ke kawar da su. Wasu magunan sukan tsufa ba su nuna komai ba, wasu ƙodar takan fara gazawa wajen shekara bakwai. Alamun da zan sa wa ido: yawan shan ruwa, yawan fitsari, rama, amai, ƙin abinci. A garin da kowa ke shan ruwa kamar raƙumi a Mayu, gane "yawan sha" sai da awo, don haka na fara zuba ruwan da kofi mai lamba ina rubutawa.

Wani bincike na Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan da ya fito a 2019, a kan magunan Farisa fiye da 3,000 a Birtaniya, ya samu matsalar gashi ce kan gaba a abin da ke kai su asibiti, sai ciwon haƙori, ƙoda kuma ita ce ta fi kashe su, kusan 23 cikin 100. Matsakaicin tsawon rayuwarsu shekara 13 da rabi. Can ke nan, inda babu Afrilun Yamai.

Maganar haihuwa ta mutu a nan. Eko da gwajin jini jikka 35.

17 Mayu

Kilo 3.4. Ta yi aman curin gashi, dogo kamar yatsa. Gashin ya fara dawowa, lasa ta ƙaru. Taza ta koma kullum da gaske: matajin ƙarfe, gefen manyan haƙora tukuna, sannan ƙanana, daga ƙasa zuwa sama layi-layi har mataji ya taɓa fata. Buroshi yaudara ne, sama yake gyarawa ya bar curi a ƙasa.

28 Mayu

Hadari ya haɗu, ƙura ta taso, ruwa bai sauka ba. Idanu sun sha wahala. Gogewa sau uku.

9 Yuni

Layya ta wuce. Duk layin hayaƙin gashin nama, na kulle ta ciki. Ta samu ɗan tsoka da aka tafasa ba yaji. Hanta ɗan yanki kawai, yawanta yana tara bitamin A ya sanƙarar da ƙashin wuya. Na kama Inna tana yanka mata naman ƙanana-ƙanana da hannunta tana cewa, "Ci, marar aikin yi."

18 Yuni

Ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi, numfashinta 22 a minti. Damina tana da nata: laima tana dawo da makero da ƙuma, don haka bayan kowane wanka sai ta bushe har tushen gashi, maganin ƙuma kuma kowane wata. Na duba tsohon tabon, ya rufe.

An sa ranar cire mahaifa farkon Yuli, da sassafe. Likita ya ce masu guntun hanci sai an yi taka-tsantsan da allurar barci, zai sa mata bututun numfashi, zai kuma ƙara mata ruwa saboda ƙodar. Ba ci tun dare. Jikka 45 ya ce, na ware 30, sauran ƙarshen wata. Zai duba haƙoranta tana barci, akwai guda biyu na baya da suka yi tsatsa.

Abin da na kashe daga Fabrairu, ban da abinci, ya haura jikka 150. Abinci da sabulu kamar jikka 14 a wata. Bayan tiyata: gwajin jini da fitsari a Nuwamba, eko a shekara mai zuwa, aski na biyu a tsakiyar Maris kafin zafi ya kankama, da batir na biyu na fanka in kuɗi sun samu. Nauyin yau kilo 3.6, likita yana son ta tsaya kusa da haka.